'Yar wasa ta uku ce ke ɗauko kofi

A watan Nuwamban 2015 Maria Sharapova ta sauka a birnin Prague tare da tawagar matan Rasha, domin wasan ƙarshe na gasar tanis ta ƙasashe, wadda a lokacin ake kira Fed Cup. Duk cikin matan da suka shiga zauren O2 Arena a wannan mako babu mai sunanta, babu mai dukiyarta, babu kuma mai manyan kofuna biyar a ɗaka sai ita. Ba ta kuwa ba da kunya ba. Ranar Asabar ta doke Karolina Pliskova. Ranar Lahadi ta gamu da Petra Kvitova, gwanar masu masauki, aka cinye ta a turmin farko, ta farfaɗo ta kwashe biyun da suka rage. Wasa biyu aka ba ta, biyun ta ci. Da yamma ta yi, tana gefe tana kallo aka miƙa wa matan Jamhuriyar Cek kofi.

Ba wani siddabaru aka yi ba, lissafi ne. A tsarin wancan lokaci wasa biyar ake bugawa cikin kwana biyu: huɗu na ɗai-ɗai, na biyar na bibbiyu, ƙasar da ta fara cin uku ita ce da nasara. Komai gwanintar mace, a wasan ɗai-ɗai maki biyu kaɗai za ta iya kawo wa ƙasarta. Na ukun dole sai an sa hannun wata. Kvitova ta riga ta ci Anastasia Pavlyuchenkova ranar farko. Pliskova, wadda Sharapova ta doke jiya-jiya, ta dawo ta ci Pavlyuchenkova ita ma, aka yi biyu da biyu. Ko gumi bai gama bushe mata ba ta sake ɗaukar raket, ta shiga fili da Barbora Strycova. Kallonsu ma abin dariya ne, ɗaya doguwa sambal, ɗaya gajera mai tsalle-tsalle a bakin raga kamar ta taka garwashi. Rashawa suka ci turmin farko, su kuma suka ci na biyu da na uku. Shi ke nan, kofi ya kwana a Prague.

Na daɗe ina ba da wannan labari a majalisa idan gardamar wasanni ta tashi, saboda yana ɗauke da abin da nake ganin mun kasa ganewa. Mu dai tauraro muke nema. Muna jiran Allah ya jefo mana wata 'yar baiwa, ta yi suna a waje, mu tarbe ta a filin jirgi, a ba ta gida da lambar girma, a ɗauki hoto. Amma ƙarfin tawagar ƙasa ba a jikin ta ɗaya yake ba. Yana jikin ta uku da ta huɗu, waɗanda ba a buga hotonsu a allon talla, waɗanda ake kira ranar da babba ta kwanta zazzaɓi. Ƙasar da take da irin waɗannan ita ce ta gina wasa. Wadda take da gwana ɗaya tak, sa'a ta yi, ita kuwa sa'a ba a gadonta.

Wannan gasa ba sabuwa ba ce. An fara ta a 1963 a Landan da ƙasashe 16, Amurka ta doke Ostareliya a wasan ƙarshe. Sunanta na farko Federation Cup, a 1995 aka gajarta shi zuwa Fed Cup, a 2020 kuma aka raɗa mata sunan Billie Jean King, wadda tana cikin tawagar Amurkan da ta ci na farkon. Amurka ce kan gaba da kofi 18, ba abin mamaki ba ne ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 300 da kuɗi kamar ƙasa. Mai bi mata ce abin tsayawa a duba, wato ƙasar Cek. Kofi 11: biyar a zamanin Cekoslobakiya, wato 1975, 1983, 1984, 1985 da 1988, shida kuma bayan rabuwa da Sulobakiya, a 2011, 2012, 2014, 2015, 2016 da 2018. Shida cikin shekara takwas, duk a ƙarƙashin koci ɗaya, Petr Pala. Ƙasar nan fa mutanenta ba su cika miliyan 11 ba. Jihar Kano kaɗai ta fi ta jama'a.

Wani zai ce ai Kvitova suka samu, mace mai bugu da hagu wadda ta ci Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila, sau biyu, a 2011 da 2014. Gaskiya ne, kuma ba don ita ba da ba a fara ba. A Mosko a 2011 ita ta ci wasanninta biyu. To amma a ranar ma Lucie Hradecka da Kveta Peschke ne suka kawo maki na uku a wasan bibbiyu. Shekarar da ta biyo baya, a gida, Kvitova ba ta da cikakkiyar lafiya, Ana Ivanovic ta Sabiya ta doke ta, sai Lucie Safarova ta ɗauki nauyin, ta ci wasanninta biyu, ta yi wa Jelena Jankovic 6-1, 6-1 kamar ba tsohuwar ta ɗaya a duniya take bugawa da ita ba.

Na 2016 shi ya fi tsaya mini a rai. A Strasbourg aka yi, gidan Faransawa, zaure cike da masu ihu. Wasan farko kaɗai, tsakanin Pliskova da Kristina Mladenovic, ya kusa cinye awa huɗu, turmin ƙarshe ya tashi 16 da 14. Wanda ya taɓa riƙe raket ya san abin da wannan ke nufi ga gwiwa da kafaɗa. Daga nan Caroline Garcia ta yi abin da Sharapova ta yi a 2015: ta doke Kvitova, ta doke Pliskova. Faransa na gaba biyu da ɗaya, saura maki ɗaya su ɗaga kofi a gaban jama'arsu. A nan ne Pala ya ajiye Kvitova, wadda ke fama da ciwon ƙafa, a benci, ya tura Strycova. Ka tsaya ka auna wannan. Kocin da zai iya zaunar da mai Wimbledon biyu a wasan mutuwa ko rayuwa, hankalinsa kwance, to ya san abin da ke cikin rumbunsa. Strycova ta ci Alize Cornet, sannan ta koma da Pliskova suka fuskanci Garcia da Mladenovic, waɗanda a shekarar ne suka ci kofin bibbiyu na Roland Garros, babbar gasar Faransa. Aka tashi 7-5, 7-5.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki, ranar 20 ga Disamba, wani ɗan fashi ya shiga gidan Kvitova a Prostejov da wuƙa, ya yanka mata hannun hagu, hannun da take ci da shi. Sai da aka yi mata aikin awoyi kafin a ɗinke jijiyoyin yatsun. Ta dawo fili bayan wata biyar, abin da likitoci ma suka jinjina. Da a wata ƙasar ce, da an naɗe tabarmar tawaga har sai ta warke. Su kuwa a 2017 da ƙananan yara suka je Amurka wasan kusa da na ƙarshe, har da wata 'yar shekara 17 mai suna Marketa Vondrousova, suka sha kashi da ƙyar. A 2018 suka karɓi Amurka a wasan ƙarshe, Pliskova na jinyar rauni, Kvitova ba lafiya. Don adalci, su ma Amurkawan ba da manyansu suka zo ba, babu Serena, babu Venus, babu Sloane Stephens. Wato aka yi gwajin 'yan benci da 'yan benci. Strycova ta ci, Katerina Siniakova ta ci, washegari Siniakova ta shafe sama da awa uku da rabi da Sofia Kenin, sau biyu ana saura bugu ɗaya a cinye ta tana kuɓuta, ta ƙare da nasara. Uku ba ko ɗaya. Ita Kenin ɗin ba kanwar lasa ba ce, bayan wata 14 ta ci babban kofin Ostareliya.

Ni ba a talabijin na fara ganin tanis ba. Ina ɗan shekara 11 muke zuwa wani kulob a unguwar turawa ta garinmu, bayan la'asar, muna tsintar wa manya ƙwallo. Ladanmu 'yan sulalla ne da ƙwallon da gashinta ya ƙare, wadda muke kaiwa gida mu yi ta buga wa katanga da guntun katako. Alƙalai ne, da likitoci, da hafsoshin soja, da wasu Kwarori masu shaguna a kasuwa. Mace ɗaya ce tak ke zuwa, wata ma'aikaciyar jinya da muke kira Anti. Tana zuwa da dogon wando da ɗankwali ɗaure tam, raket ɗinta na katako a cikin jakar leda. Ta iya bugu, wallahi ta fi rabin mazan nan iyawa. Amma ba ta da abokiyar wasa. Sai ta zauna a kan benci ta jira ko wani zai rasa abokin bugu ya ce mata bismillah. Ranar da ba a samu ba, ta tashi ta je bangon atisaye ta yi ta bugu ita kaɗai, tas, tas, tas, har a kira magariba. Da aka yi mata canjin wurin aiki, wasan mata ya ƙare a kulob ɗin. Ba wanda ya hana, ba wanda ya rufe ƙofa. Kawai dai mutum ɗaya ce, ta tafi.

Duk sanda na ga sunayen matan Cek jere a jadawalin manyan gasanni, Anti nake tunawa. Bambancinta da su ba baiwa ba ce. Su kowace ta tashi ta tarar da wata a gabanta tana bugu, wata a bayanta tana son ƙwace mata wuri.

Abin nasu gado ne, irin yadda dambe yake gado a gidan mahauta, ko rini a Ƙofar Mata. Martina Navratilova, wadda ta ci musu kofin 1975 tana 'yar shekara 18, kakarta 'yar wasa ce tun kafin yaƙin duniya na biyu, mijin mahaifiyarta ne kocinta na farko, kuma da bangon siminti ta fara tana 'yar shekara huɗu. Helena Sukova, ɗaya daga cikin waɗanda suka ci na shekarun 1980, mahaifiyarta Vera ta buga wasan ƙarshe na Wimbledon a 1962. Shi kansa Pala ɗan tsohon ɗan wasa ne. Kvitova a Fulnek ta tashi, garin da mutanensa ba su wuce 'yan dubbai ba, mahaifinta malamin makaranta shi ya koya mata a filin garin, sai da ta kai shekara 16 ta koma babbar cibiyar Prostejov. Pliskova da 'yar tagwaicinta daga Louny suke, Strycova daga Plzen, Vondrousova daga Sokolov, Karolina Muchova daga Olomouc, Siniakova daga Hradec Kralove. Dubi taswira: ba gari ɗaya ba ne, ba makaranta ɗaya ba ce. Kulob-kulob ne na gari, galibinsu filin jar ƙasa, wasu sun haura shekara 100, kamar wanda ke tsibirin Stvanice a Prague da aka kafa a 1893. Kulob ɗin nan suna karawa da juna a gasar rukuni-rukuni tun daga yara. Yarinya na tasowa da sanin cewa makinta na abokan kulob ɗinta ne, kuma dole ta iya wasan bibbiyu. Shi ya sa idan an zo wasa na biyar ba sa rawar jiki.

Labarin Barbora Krejcikova ya isa misali. Tana da shekara 18, ta wuce shekarun gasar matasa, ta rasa inda za ta dosa. Sai ta rubuta wasiƙa, iyayenta suka raka ta har ƙofar gidan Jana Novotna, wadda ta ci Wimbledon a 1998 kuma take zaune kusa da Brno. Novotna ba ta ce a ga sakatarenta ba. Ta duba wasan yarinyar, ta ɗauke ta, ta riƙa yawo da ita ƙananan gasanni har ciwon daji ya ci ƙarfinta, ta rasu a 2017 tana da shekara 49. Krejcikova ta ci Roland Garros a 2021, ta ci Wimbledon a 2024, aka rubuta sunanta a allo ɗaya da na malamarta. Ni wannan ƙwanƙwasa ƙofar ya fi burge ni a kan kofunan. Akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa, akwai kuma wadda za ta buɗe.

Ko gudun hijira bai katse musu zaren ba. Navratilova ta nemi mafaka a Amurka a watan Satumban 1975, gwamnatin gurguzu ta shafe sunanta daga jaridu kamar ba a taɓa haihuwarta ba. Rashin gwana irinta ya isa ya durƙusar da kowace tawaga, amma sai ga Hana Mandlikova da Sukova sun ci kofi uku a jere. A 1986 aka kawo gasar Prague, Navratilova ta dawo gida karon farko cikin shekara 11, sanye da rigar Amurka, ta doke Mandlikova a wasan ƙarshe, mutanen gari suna yi mata tafi, manyan jam'iyya suna cije baki. Wato a wannan rana, ko ta ina aka duba ragar, 'yar Prague ce ke bugu.

Kada a ɗauka waliyyai ne. A farkon 2024 'yan sanda sun kai samame hukumar tanis ta ƙasar, aka tsare shugabanta bisa zargin almundahana da kuɗin tallafin gwamnati. Irin labarin da muka saba ji ne. Amma a shekarar Krejcikova ta ci Wimbledon, domin wasan ba a ofishin hukuma yake zaune ba, yana hannun malamin makarantar Fulnek da ire-irensa. Wannan ya kamata ya ɗan sanyaya mana baki, mu da kullum muke cewa ba abin da zai yiwu sai an gyara hukuma.

Yanzu a juyo nahiyarmu. Kofin nan sau ɗaya ya taɓa zuwa Afirka, a 1972, lokacin da Afirka ta Kudu ta ci shi a Johannesburg, zamanin mulkin wariyar launin fata, da tawagar da baƙar mace ba ta da hanyar shiga. Ba na lissafa shi a namu. Gwanar da muka samu ta gaske ita ce Ons Jabeur ta Tunisiya, wadda mahaifiyarta ta fara kai ta fili tana 'yar shekara uku, ta yi ta atisaye a filayen otal-otal na yankin Sousse. Ta kai ta biyu a duniya a 2022, ta buga wasan ƙarshe na Wimbledon sau biyu da na babbar gasar Amurka sau ɗaya. Mutanenta suna kiranta Ministar Farin Ciki, kuma ta ci sunan. Ranar da ta sha kashi a Wimbledon ta 2023 har da ni a masu jin zafi, na kashe talabijin tun kafin a ba da kofi. Wa ya doke ta? Vondrousova, yarinyar nan ta 2017, wadda a lokacin ba ta ma cikin jerin 32 da ake ware wa matsayi, kuma a gida ba ita ce ta ɗaya ba. Duk da girman Jabeur, tawagar Tunisiya ba ta taɓa zuwa kusa da kofin ƙasashe ba. Haka Masar da Mayar Sherif, haka Kenya da Angella Okutoyi, wadda ta ci kofin bibbiyu na 'yan mata a Wimbledon a 2022. Kowace ƙasa da Antinta.

Ba matsalar talakawan ƙasashe kaɗai ba ce. Poland na da Iga Swiatek. A wasan kusa da na ƙarshe na 2024 a Malaga ta doke Jasmine Paolini ta Italiya, ta kuma shiga wasan bibbiyu don ta ƙarasa aikin da kanta, amma Paolini ta dawo da Sara Errani, tsohuwar hannu mai shekara 37, suka cinye. Italiya ta ɗauki kofin, ta sake ɗauka a 2025 a Shenzhen ta ƙasar Sin. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ko a Turai.

Tawagar matan Najeriya tana can ƙasa a rukunin yankin Afirka, inda ake tara ƙasashe a gari ɗaya na mako guda ana neman gurbin hawa mataki na gaba. 'Yan matan da ke zuwa suna iya ƙoƙarinsu, ba su nake zargi ba. Tanis kuma ba baƙo ba ne a wurinmu: Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, gasar Dala ta Kano kuwa ta daɗe ana yi. Filaye ma akwai su, a barikoki, a jami'o'i, a tsofaffin makarantun kwana, a kulob ɗin ma'aikata. Abin da babu shi ne cunkoso. A wata gasa da na je kallo a Arewa, da aka zo ɓangaren mata, 'yan gida ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, sauran duk baƙi ne da suka kwana a mota kafin su iso.

Mun iya karrama mata idan sun ci, wannan kam ba a fi mu ba. A 2025 da Super Falcons suka ɗauko kofin Afirka na 10, da kuma D'Tigress suka ci na ƙwallon kwando karo na biyar a jere, gwamnatin tarayya ta yi wa kowace 'yar wasa alƙawarin dala 100,000 da gida da lambar girma. Sun cancanta, ban ce a rage musu ko kwabo ba. Tambayata ita ce, ladan mutum ɗaya daga ciki, fili nawa zai gyara a makarantun 'yan mata? Raga nawa, raket nawa, albashin malami nawa na shekara? Mun fi son yin ado ga amarya a kan renon yarinya, don ranar biki ce ake ɗaukar hoto.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini a fuska: Malam, ana fama da abin da za a ci, 'yan mata miliyoyi ba sa ma zuwa makaranta, kai kana zancen wasan masu kuɗi. Akwai gaskiya a ciki. Zama ƙwararriyar 'yar tanis na cin kuɗi ƙwarai, tikitin jirgi da otal da koci, kuma ba na ba kowane uba shawarar ya sayar da gonarsa saboda wannan. Amma farawa ba ta da tsada yadda ake zato. Bango, ƙwallo, raket na gwanjo, da babba ɗaya da ya iya. Ni kuma ba Wimbledon nake hange ba tukuna. Ina hangen yarinyar da take da dalilin son zuwa makaranta ranar Laraba, wadda jikinta ke motsi, wadda ta koyi shan kaye ba tare da ta yi gaba da kowa ba. Matanmu da yawa daga sun bar firamare sun daina gudu ke nan har abada, sai a shekara 45 likita ya ce hawan jini da ciwon suga, a riƙa tattaki. Idan an yi wa 'yan mata 1,000 wannan hanya, tawagar ƙasa za ta fito da kanta daga cikinsu. Idan ba ta fito ba ma, ba a yi asara ba.

Sai maganar sutura, wadda ita ce ainihin abin da ke zuciyar iyaye ko da ba su furta ba. Suna ganin guntun siket a talabijin, su ce ba da 'yata ba. Ban ga laifinsu ba. Sai dai guntun siket al'ada ce ta masu wasan da kamfanonin kaya, ba sharaɗin shiga fili ba ne. A 2022 wata 'yar Iran, Meshkatolzahra Safi, ta buga gasar yara ta Ostareliya da kanta a rufe, hannu da ƙafa a rufe, cikin zafin Melbourne, ta kuma ci wasanta na farko. Tanis ma ya fi yawancin wasanni dacewa da mu: ba cakuɗuwa, ba taɓa jiki, raga ce tsakani, ana iya yinsa a cikin katangar makarantar mata zalla, malama mace na koyarwa. Inda gizo ke saƙar shi ne malamar. Ba za a same ta ba sai an koya wa wata yau, ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai abu ɗaya da nake jin haushin masu shirya gasar a kansa. Tun daga 2021 sun tattara wasannin ƙarshe a gari ɗaya cikin mako guda, suka rage kowace karawa zuwa wasa uku, biyu na ɗai-ɗai da ɗaya na bibbiyu. Kuɗin lada ya ƙaru, wannan alheri ne. Amma an rasa wasan ƙarshe na gida da waje, irin wanda yarinya 'yar Prague za ta riƙe hannun babanta su shiga zaure ta ga 'yan ƙasarta suna ɗaga kofi da idonta. Kuma a wasa uku, gwana ɗaya mai ƙarfin hali ta fi samun damar ɗaukar ƙasa a kafaɗa. Matan Cek ba su sake cin kofin ba tun 2018. Ba zan ɗora wa sabon tsari laifin duka ba, manyansu sun tsufa, wasu kuma jadawali ya sha hana su zuwa. Amma tsohon tsarin ya fi tona asirin ƙasar da rumbunta ba kowa.

Bara na je wata makarantar 'yan mata da ɗiyar ƙanwata take. A bayan ɗakin kwanansu akwai tsohon filin tanis, simintin ya tsattsage, ciyawa ta fito ta tsagar, amma turakun raga biyu suna nan tsaye, an ɗaura musu igiya ana shanya. Na roƙi shugabar makarantar, ta ce in dai ba kuɗi zan tambaye ta ba, ga fili ga mai doki. Muka share, muka ja layi da farar ƙasa, na kawo raket biyu na gwanjo da wata tsohuwar ragar kamun kifi da wani tela ya yi mata baki. Wata malamar lissafi da ta taɓa bugawa a jami'a ta yarda ta riƙa tsayawa da su ranar Asabar. Yara uku suka dage: ɗiyar ƙanwata da ƙawayenta biyu. Suna bugun ɗai-ɗai, ɗaya na jira tana tsintar ƙwallo. Na ce musu wasan bibbiyu sai da mutum huɗu, suka ce akwai wata 'yar ajinsu mai bugu da hagu, ta fi su duka ƙarfin hannu, amma babanta ya ce a bari ya yi shawara. An shiga zango na biyu ke nan, malamar ta ce ranar ziyara mai zuwa za ta sake tuntuɓarsa.